Zangon Figil zuwa Garwa

Ba keke ne ya kai ni Garwa ba. Ɗaurin aure ne, na ɗan wani tsohon abokin cinikin mahaifinmu, mutumin da tun muna yara muke cin kilishin da yake aiko mana, ba mu taɓa ganin ƙofar gidansa ba. Mun bi ta Mubi a farkon Janairun 2025, muka ƙetare iyaka a Sahuda, muka gangara Gidar, daga nan muka hau babbar kwaltar da ta taso daga Marwa. Hazo ya yi kauri a makon nan, har in ka tsaya a kan gadar Binuwai ba ka rarrabe ruwa da yashi da sararin sama. Manyan motocin Sodecoton kuwa sai wucewa suke shaƙe da auduga, suna barin ɓurɓushinta a gefen hanya kamar an fige farar kaza.

An ɗaura aure ranar Juma'a, aka ci giwan ruwa aka sha shayi, aka bar ni da kwana huɗu ba aikin fari ba na baƙi. To, wanda ya tashi a gidan da ake goge Rale da tsumma kowace safiya, a jingine ta a zaure kamar dokin sarki, ba ya wuce rumfar mai faci bai leƙa ba. Wadda na leƙa tana bayan babbar kasuwa, ƙarƙashin wata darbejiya. Tsohon da ke ciki zai kai shekara 70. Hausarsa ta kakanninsa ce da suka zo fatauci daga ƙasar Katsina, amma ta jiƙu da Fillanci da Faransanci, ta yadda keke a bakinsa yanzu basukur ne, an jima kuma belo. A jikin langalangar rumfar, tsakanin tsofaffin tayoyi da kacoci, an manna wani hoton jarida da rana ta cinye: siririn mutum da rigar ruwan ɗorawa, ya ɗaga hannu sama.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Wannan na jikin bango ɗanka ne?"

Ya ɗago daga kwanon ruwan da yake neman hujin tif a ciki, ya dube ni. "Ɗana? Kamzong ke nan. Daga Najeriya kake, ko? Ai ku ban da ƙwallo ba ku san komai ba."

Na karɓi zargin, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ya ture mini wani benci, daga nan hira ta ɓarke, kuma rumfar nan ta zama majalisata har na bar garin.

Clovis Kamzong Abessolo, haifaffen 1991, shi ne ɗan tseren keken da Kamaru take taƙama da shi sama da shekara goma. Gasar zagayen ƙasar, wadda suke kira Tour du Cameroun, an fara ta ne a 2003, kuma baƙi sun fi 'yan gida ɗaukar ta: Rashawa, Faransawa, 'yan Maroko, 'yan Ruwanda, har da ɗan Namibiya da ɗan Bulgeriya. 'Yan gida huɗu kawai suka taɓa riƙe ta. Martinien Tega a 2004, Joseph Sanda a 2008, Yves Ngué Ngock a 2012, kamar masu bin ƙa'idar shekara huɗu-huɗu. Sai Kamzong ya zo ya karya ƙa'idar, ya ci a 2015, ya sake a 2021, ya kuma ƙara a 2024. Ƙungiyarsa ita ce SNH Vélo Club, wadda kamfanin man fetur na gwamnatin Kamaru yake ɗaukar nauyinta. A tsakiyar shekarun 2010 ta taɓa samun rajistar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, a mataki na uku, wato matakin nahiya. Kuma gidanta Kudu ne, can inda hedkwatar kamfanin take a Yawunde, daga Garwa tafiyar yini guda a mota zuwa Ngaundare, sannan kwana guda a jirgin ƙasa.

To mene ne haɗin wannan duka da wani mai faci a Garwa? Haɗin rana ɗaya ce a shekara. A 'yan shekarun nan masu shirya gasar sukan kawo zangunan farko Arewa, a zagaya cikin Marwa, sannan a taso daga Figil, garin siminti da farin dutse, a yi sama da kilomita 90 zuwa Garwa. Baba ya ba ni labarin ranar dalla-dalla. Tun hantsi jandarmomi suke tare hanya, 'yan kalando, wato 'yan acaɓarsu, su yi ta ƙunƙuni. A fito da 'yan makaranta a jera su a rana. Manya su zauna a rumfa. A yi ta jira. Can sai ka ji jiniya, babura su wuce, motoci su wuce, sannan ka ji wani irin shuu kamar an saki garken tsuntsaye, launuka su gifta, kafin ka nuna wa na kusa da kai wanda ka gane har sun ƙule. Ya ce, "Awa uku kana tsaye, abin da za ka gani bai kai ka sha kofin ruwa ba. Washegari an kwashe su an yi Kudu. Baƙin kwana ɗaya ne, ɗana. Amma duk shekarar da suka zo sai na rufe rumfa."

Abin da ya fi burge ni da tsohon nan shi ne yadda ya fahimci wasan. Ni a da ɗauka nake tseren keke kamar sukuwar dawaki ne, kowa tasa ta fisshe shi. Shi kuwa da harshen fatake ya warware mini. Taron 'yan tseren ayari ne. Tafiyar kowace rana zango ce. Kowace ƙungiya tana da madugu, wanda dominsa ake yin tafiyar, da jagaba mai shiga gaba, da yaran da aikinsu hidima. Abokin gabar kowa kuwa iska ce. Wanda ke gaba shi yake tsaga ta da ƙirjinsa, wanda ya laɓe a bayansa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Saboda haka madugu ba ya shan iska sai ta kama dole. Yaransa ne za su yi ta karɓa-karɓa a gaba, su koma baya wurin motar ƙungiya su cuso gorunan ruwa a riga su kawo masa, in tayarsa ta fashe wani ya ciro tasa ya ba shi, shi ya tsaya a gefen hanya yana jiran mota. Sannan ba yawan zangon da ka ci ne ke ba ka rigar ruwan ɗorawa ba. Lokacin kowace rana ake tarawa, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gwani, ko da bai taɓa shigowa na ɗaya ba. Mutum biyar ko shida su sha wuya, sunan mutum ɗaya ya shiga jarida. Na ce masa ai wannan siyasar ƙasarmu ce aka ɗora a kan taya biyu. Ya ce tasu ma haka take.

Da wannan ma'aunin muka zauna muka auna ayarin SNH na kakar 2025 da za a shiga a lokacin. Madugu dai ba gardama. A lokacin Kamzong ya cika 33, ya san kowane hawa da gangaren ƙasar, ya san zafinta, kuma yana da abin da masu tsere suke kira ƙarshe: in aka iso mita 200 na ƙarshe a dunƙule, yana cikin 'yan kaɗan da za su iya fizgewa. Da wannan ya tara zanguna a gida da kuma a gasar Burkina Faso. Bayansa akwai sunayen da suka daɗe suna fitowa tare da shi, wani lokaci da rigar SNH, wani lokaci da rigar ƙasa. Artuce Tella shi ne aka fi daɗewa ana yi wa kallon magaji. Akwai Rodrigue Kuere, akwai Michel Boris Tientcheu, sai kuma matashinsu, Jérémie Kossoko Sadikou, wanda Baba yake ja wa suna da wani irin alfahari. Ya ce shi ba ruwansa da inda aka haifi mutum, da Sanda da Sadiku dai sunaye ne da kunnensa bai baƙunta ba, saboda haka nasa ne.

Ƙarfin wannan ayarin a fili yake. Sun daɗe tare, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. A gasannin gida kuma Kamaru takan shigo da ƙungiya fiye da ɗaya, ga SNH ga ta ƙasa, kuma in rana ta yi tsaka ba a rasa ɗan taimakon juna tsakanin riguna biyun. Baƙon da ya zo da mutum biyar sai ya ga kamar da goma yake kokawa.

Rauninsu ma a fili yake, sai dai masoyi ba ya son a faɗa. Na farko, magajin da aka daɗe ana kira magaji, shi ma shekaru ba jiransa suke ba. Ƙungiyar da ta saba komai a yi wa mutum ɗaya, yaranta sukan ƙware a hidima su manta yadda ake neman nasara. Ranar da Kamzong ya rataye keke, za a tarar da jagabai da yawa, madugu kuwa sai an nema. Na biyu ya fi wannan tsanani, shi ne ƙarancin gasa. Ƙafar ɗan tsere a tsere take nuna, ba a atisaye ba. Ƙwararren Turai na matakin sama yakan yi kwana 60 zuwa 80 yana gasa a shekara. Na Kamaru fa? Zagayen ƙasa wajen watan Yuni, kwana takwas zuwa goma. Gasar Chantal Biya, mai sunan matar shugaban ƙasa, wadda ake yi tun 2001 a yankunan Tsakiya da Kudu wajen watan Oktoba, kwana biyar ko ƙasa da haka. Sai ta Burkina Faso, wadda ta faro tun 1987, in an je. Ko ka ƙara da wata gayyata daga Binin ko Kwaddibuwa, da ƙyar lissafina ya haura kwana 30. Gasa ɗaya tilo da ta saba kawo manyan ƙungiyoyin Turai kusa da su, wato Tropicale Amissa Bongo ta Gabon da akan yi a Janairu, ba a yi ta a 2024 ba, bayan juyin mulkin Agustan 2023. Wannan rashin ya fi ƙarfin a ce an rasa mako guda. A can ne yaro yake gane ainihin gudun da duniya take yi.

Sakamakon yana bayyana a gasar Chantal Biya. Kamzong ya ci ta a 2017, daga nan har zuwa 2024 kofin bai sake kwana a gida ba. 'Yan Aljeriya sun ɗauka, 'yan Turai sun ɗauka, Moïse Mugisha na Ruwanda ya ɗauka a 2020, ya kuma dawo a 2022 ya ci zagayen ƙasar gaba ɗaya. Mohcine El Kouraji na Maroko ya karɓi kofin zagayen ƙasar a 2023. Waɗannan su ne za su sake dawowa, su ko ƙannensu. Ra'ayina a lokacin, kuma na faɗa wa Baba ido da ido: SNH za ta ci zango ɗaya ko biyu a kakar nan, Kamzong zai sa rigar ɗorawa wata rana a tsakiyar gasa, amma kofin zagayen ƙasa na huɗu sai an yi da gaske, don duk wanda zai sauka a filin jirgi yanzu lambarsa yake nema. Ya kawar da kai ya ce haka aka faɗa kafin 2024.

Ranar Asabar da la'asar wani saurayi ya shigo rumfar, yana tura keken tsere. Gwanjo ce da ta sha duniya, fentinta ya koɗe, an naɗe hannunta da baƙin salatif, amma tsaf take kamar amarya. Ɗalibi ne, bai wuce 19 ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Kawu. Shi da wasu abokansa 'yan kaɗan sukan fita da asuba su yi hanyar Pitowa, wani lokaci su zarce. Ba mai horar da su, abin da suka gani a waya shi suke kwaikwayo. Ban san abin da ya shiga kaina ba na ce gobe da ni za a je. Baba ya yi mini kallon da ake yi wa mai neman aure da tsufa, ya jawo wata Finis mai kariya ya ƙara mata iska.

Pitowa ba ta kai kilomita 20 daga Garwa ba, kuma a mota hanyar shimfiɗe take kamar tabarma. A kan keke sai ka gane ƙarya mota take yi. Akwai hawa a ɓoye, akwai kuma iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas, daidai inda muka dosa, tana dukan ƙirji tana cika baki da ƙura. Kafin mu fita gari sosai cinyoyina sun fara kuka. Yaron ya waiwayo ya ce, "Kawu, matso ka manne da tayata, kada ka bar taƙi ɗaya." Na matso ina tsoron karo. Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Duk bayanin da Baba ya yi a rumfa sai a nan ya shiga jikina. Na kuma lura da wani abu: a watan Yuni, lokacin da damina take shigowa, iskar juyawa take ta taso daga kudu maso yamma. Ke nan masu tasowa daga Figil su ma da ita suke karo har Garwa, ga zafi ga gumi. Zangon da ake gani mai sauƙi ne a takarda, ƙungiyar da ba ta da jagabai a nan take watsewa.

Dab da inda tsaunin Tingilin yake bayyana ta hagu, da kansa a daddaɗe kamar an yanke da wuƙa, ƙaya ta huda mini tayar baya. Na yi hamdala a ɓoye. Muna zaune a gefen hanya yaron yana faci, sai na samu damar kallon abin da gudu ya hana ni gani. Lahadi ce, ranar kasuwar Pitowa, hanya cike take da kekuna. Ga mai buhun masara biyu, ɗaya a kariya ɗaya a tsakiyar firam. Ga mai itace da ya fi shi tsawo. Ga mai akuya a kwando tana ta kuka. Wani dattijo ya wuce mu da albasa, takalmin roba a ƙafarsa, keken ba giya, birkin gaba igiya ce, yana hawan tudun da ya kusa kashe ni ko haki ba ya yi. Keken ƙwararru doka ta ce kada ta gaza kilo 6.8. Tasa da kayanta za ta ninka wannan fiye da sau goma. A can gaba, wajen Marwa da iyakar Banki, an daɗe ana sanin masu dakon zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake tsallakowa da shi a jarkoki, kuma da yawansu a kan keke suke yi, cikin rairayi, cikin dare. Abin dariya abin tausayi: kamfanin mai yana da 'yan kekensa a Yawunde, man sumoga ma yana da nasa a Arewa, kuma ban tabbata waɗanne suka fi ƙarfin cinya ba.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Ƙafafun suna nan. Abin da babu shi ne hanyar da za ta ɗauki yaro daga kasuwar Pitowa ta kai shi layin farawa. Ruwanda ta nuna ana iyawa. Lokacin da Ba'amurke Jock Boyer ya fara haɗa ƙungiyar ƙasar a 2007, ba daga makarantun 'ya'yan manya ya tsinto yara ba. Gasore Hategeka, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna, da dakon dankali da acaɓar keke ya fara. Suka kafa sansanin horo a Musanze, cikin tsaunuka, suka riƙe shi shekara da shekaru. Yau ga 'ya'yan wannan sansanin suna zuwa har Kamaru suna kwashe kofuna. Iritiriya kuwa, inda keke ya zama kamar addini tun zamanin Italiyawa, ta fitar da Biniam Girmay, wanda a Yulin 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya kuma tafi da koriyar riga. Arewacin Kamaru ba ta rasa wurin horo ba. Daga Garwa, wadda take ƙasa-ƙasa a kwarin Binuwai, in ka yi kudu kusan kilomita 280 za ka hau tudun Adamawa ta wata miƙaƙƙiyar gangara mai lanƙwashe-lanƙwashe da direbobi suke tsoro, ka sauka Ngaundare a tsayin sama da mita 1,000, ga sanyi ga iska mai daɗi. Mai horarwa daga ko'ina zai yi murna da irin wannan wuri.

Kuma ba sai an je Ruwanda neman misali ba, yana nan cikin garin. Ranar Litinin na bi ta Rumde Ajiya, na tsaya a gaban filin wasan. Duk ɗan Najeriya mai son ƙwallo yana da tabo biyu a nan daga gasar cin kofin Afirka, ɗaya mai daɗi ɗaya mai ɗaci: 11 ga Janairun 2022, da Kelechi Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya tilo, da kuma 23 ga wata, da Tunisiya ta kore mu da ci ɗaya bayan mun cinye wasanninmu uku na rukuni. Mutanen Garwa har yau suna tuna yadda suka mara mana baya kamar ƙungiyarsu. Amma tun kafin wannan gasa filin gidan ƙungiyar Coton Sport ne. Kamfanin auduga, Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, shi ya tsaya wa ƙungiyar da aka kafa a 1986. Kafin nan ƙwallon Kamaru na Yawunde da Duwala ne, Canon da Tonnerre da Union. Coton ta ci gasar ƙasa karon farko a 1997, ta ci gaba da ci har fiye da sau 15, ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, inda Al Ahly ta doke ta 2 da nema a Alƙahira aka kuma yi 2 da 2 a Garwa. Daga nan Vincent Aboubakar ya fita zuwa Faransa. Kamfani ne ya riƙe SNH, kamfani ne ya riƙe Coton. Bambancin, ita Coton a garin take kwana. Yaron unguwa yana ganin 'yan wasanta a masallaci da wurin mai shayi, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mai son keke kuwa sai ya jira Yuni, ya ga gwanayensa na daƙiƙa 20.

Kada in yi rashin adalci. Ƙwallo ɗaya tana isar yara 22 a kowane fegi. Keken da manyan ƙwararru suke hawa tana haura Yuro 10,000, wato sama da sefa miliyan shida da rabi, na mutum ɗaya, ban da tayoyi da kaca da suke cinyewa kamar gyaɗa. Kwaltar da za a yi atisaye a kanta ita ce dai ta manyan motocin da ke zuwa Chadi, kuma ba su san wani abu wai shi ɗan keke ba. Daga Maris zuwa Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40. Can arewa kuma, wajen Mora da Kolofata, matsalar tsaro ta hana mutum ya yi nisa shi kaɗai. Duk gaskiya ne. Sai dai babu ɗaya a ciki da ya hana a ce akwai kekuna goma na aro da mai horarwa ɗaya da tseren wata-wata a cikin gari.

Ni ma da nake wannan surutu, ina tunawa daga inda na fito. Kano ta taɓa samun masana'antar harhaɗa Rale. Akwai lokacin da keke yake cikin abin da ake auna saurayi da shi, malamin makaranta da ma'aikacin En'e duk a kansa suke. Yau wanda ya hau keke a titin Zoo ko dai talauci ne ya sa ko likita. A gasar Olimfik ta Faris a 2024, 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Da na ba Baba wannan labarin bai yi dariya ba, ya dai girgiza kai ya ce ashe gara su.

Kakar 2025 ta zo da wani abu da ba a taɓa yi ba. Daga 21 zuwa 28 ga Satumba aka tsara yin gasar duniya ta tseren keke a Kigali, karon farko a ƙasar Afirka. Tseren manyan maza kilomita 267 ne, da hawan da jimillarsa ta haura mita 5,000. Hanya ce ta masu hawan dutse irin su Tadej Pogačar, ba ta masu fizgar ƙarshe irin Kamzong ba, kuma duk ɗan yankinmu da ya je, gama tseren kaɗai abin a yi masa kirari ne. Yaron nan na hanyar Pitowa ya haddace ranakun. Ya ce zai tara kuɗin data tun daga azumi.

Daren da zan tafi ya zo masaukina. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, gaisuwa a kan gaisuwa, kafin ya fito da wata 'yar takarda da ya rubuta lambobi a kai. Kacarsa ta miƙe, tana tsallake haƙori in ya taka da ƙarfi, kuma irin ta giya goma ba ta samuwa a kasuwar Garwa, sai ta basukur ɗin dako. "Kawu, an ce a Kano babu abin da babu." Ya miƙo kuɗi na ce ya mayar aljihu.

Sai da na yi Asabar biyu ina yawo a layin masu kayan keke na Sabon Gari. Mai shago na farko ya ce ban san abin da nake nema ba, na biyu ya kawo mini ta babur. A na shida ne wani yaro ya shiga can ƙurya ya fito da ita cikin kwalinta, ƙura ta rufe rubutun. Tana nan cikin aljihun teburina. Alhajin da muka je bikin ɗansa ya ce direbansa zai shigo Kano ɗaukar kaya kafin azumi.